Kafin ka biya kuɗin gida, kira wanda zai duba maka shi

Shekarar da yayana ya tashi sayen gida a Kano, dillali ya kai mu wani gida mai ɗaki huɗu da falo a wata sabuwar unguwa. Watan Fabrairu ne, ƙasa a bushe ƙayau. An shafe gidan da fenti ruwan madara, tayil sai sheƙi yake yi. Yaya ya zagaya sau biyu ya ce ya yi masa, kuma da don ta mu ne, da a ranar an ba da kafin alƙalami. Wani abokinsa ne ya kafe sai an kawo injiniya. Da injiniyan ya zo ko falo bai shiga ba. Ya zagaya baya, ya durƙusa a gindin katanga, ya sa makullin motarsa ya kankare fentin, sai ga wani farin gari mai kama da kanwa yana zubowa, filasta tana marmashewa a hannunsa. Ya miƙe ya leƙa bayan katangar ya ce, "Alhaji, nan kududdufi ne aka cike." Muka tambayi wani mai shago a layin, ya ce in marka ta sauka a watan Agusta sai an jera bulo ake takawa a shiga gidan.

Tun daga ranar nake gaya wa duk wanda ya zo mini da maganar sayen gida cewa kada ya yarda da idonsa shi kaɗai. Mai saye ya riga ya ƙwallafa rai, yana kallon inda zai sa kujeru. Mai dubawa kuwa hanyar da ruwa yake bi yake nema, domin mafi yawan abin da ke kashe gida a ƙasar nan ruwa ne, ko daga sama ko daga ƙasa ko daga cikin bango.

Wa za ka kira

A Amurka duba gida kafin saye sana'a ce mai zaman kanta. Mai saye yakan ɗauki mai dubawa ya yi sa'a biyu zuwa huɗu a gidan, ya rubuta rahoto, kuma sau da yawa yarjejeniyar cinikin tana ba shi damar fasawa in an ga babban aibi. A Najeriya ba kasafai za ka ga wanda ya kafa allo ya ce aikinsa ke nan ba, don haka kai za ka haɗa mutanenka.

Jagoran aikin injiniyan gine-gine ne mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya, ko ƙwararren magini mai rajista da CORBON. Ka tambaye shi lambar rajistarsa kai tsaye, mai ita ba ya jin haushin tambayar. In gidan bene ne, to lallai injiniyan da ya ƙware a kan ƙarfin gini nake ba da shawara, kada a tsaya kan birkila komai daɗewarsa a aiki. Sai ka haɗa shi da mai aikin wuta da mai aikin famfo waɗanda ka sani. Akwai kuma masu ƙiyasta darajar kadara, masu rajista da ESVARBON. Aikinsu su gaya maka nawa gidan ya kai a kasuwa, wanda banki kan nema in rance za ka ci, amma wannan daban yake da gwada lafiyar ginin.

Kada ka karɓi mai dubawar da dillali ko mai gida ya kawo. Ba ina cewa dillali maƙaryaci ba ne, la'adarsa ce ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, kuma wanda ya kawo ba zai so ya ɓata masa kasuwa ba. Kai za ka nemo shi, kai za ka biya shi. Ku yanke ladan aikin tun kafin a je, a kan cewa ko an saya ko an fasa kuɗinsa ɗaya ne, kuma rubutaccen rahoto yana cikin kuɗin.

Takardu tukuna

Babu amfanin hawa rufin gidan da takardunsa ba su da kyau. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, takardar mallaka ta gidan zama yawanci ta shekara 99 ce, kuma sai da amincewar gwamna take komawa sunan wani. Ka sa lauya ya yi bincike a ofishin rajistar filaye, wato KANGIS in a Kano kake, ko KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja, a tabbatar sunan wa ke kan takardar kuma ba a jinginar da ita a banki ba. Wanda ya ga rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yunin 2023 ya san gini mai kyau ba ya kare mutum in filin yana da magana. In gidan na awon igiya ne, sai a bi ta wurin mai unguwa da dagaci da shaidun cinikin baya. In na gado ne, a ga takardar rabon gado, a kuma ji daga bakin dukan magada, har da matan cikinsu.

Akwai takarda ɗaya da injiniya zai buƙata da kansa: zanen ginin da hukumar tsara birni ta amince da shi, kamar KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna. Zai gwada abin da ke takarda da abin da ke tsaye. In an amince da gidan ƙasa, ka zo ka tarar da bene, to an ɗora wa harsashin nauyin da ba a lissafa masa ba.

Yaushe za a je

In da hali, a je da damina, washegarin ruwa mai ƙarfi. A lokacin gida ba ya iya ɓoye komai. In ciniki ya zo da rani, sai ka nemi shaidar damina a jikin unguwar. Dubi katangun maƙwabta, ko akwai layin da ruwa ya taɓa kwanciya ya bari. Dubi ƙofofin layin: in kowa ya gina ɗan dakali a bakin ƙofarsa sai an tsallaka ake shiga, ko ka ga ragowar buhunan yashi, ka sami amsa. Ka dawo kai kaɗai ba tare da dillali ba, ka yi salla a masallacin layin, ka tambayi dattawa me ke wurin kafin a yi ginin.

A sanar da maigidan tun da wuri don iyali su kimtsa, domin kowane ɗaki za a shiga, har da na uwargida da kicin da sito. A tanadi tsani, a sa ruwa a tanki, a kawo janareta in babu wuta. A fara da safe don a sami haske. Kai ma ka je, ka riƙa bin injiniyan kana tambaya, domin abin da zai nuna maka da yatsa ya fi abin da za ka karanta daga baya zama a ƙwaƙwalwa. In aka ce ɗaki kaza mai makullin ya yi tafiya, to a rubuta ba a duba shi ba, a sa ranar dawowa.

Daga waje ake farawa

Abu na farko, tsayin daɓen gidan a kan titi. Gidaje da yawa a tsofaffin unguwanni lafiyarsu ƙalau har ranar da aka yi kwalta aka ɗaga titi, sai suka koma rami, ruwan layi ya riƙa shigowa ta zaure. Injiniya zai duba ina ruwan tsakar gida yake fita, ko lambatun ƙofar gida yana tafiya ko a cushe yake, da kuma ko akwai bishiya kamar darbejiya dab da bango, wadda saiwarta ke ɗaga daɓe ta fasa bututu. Zai ɗaga kai ya ga ko babban layin wuta ya ratsa ta sama. Layin 132kV ana bar masa mita 15 ta kowane gefe, na 330kV kuwa mita 25, gidan da ya shiga ciki yana cikin haɗari kuma ana iya rushe shi.

Sai tsaga. Nan ne mutane suka fi ruɗewa, wani ya tsorata da abin da ba komai ba, wani ya raina abin tsoro. 'Yan siraran tsagogi masu kama da saƙar gizo-gizo a fuskar filasta yawanci daga bushewar siminti ne, ba su taɓa ƙarfin gini. Wadda ake tsoro ita ce mai tasowa a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko mai hawa kamar matattakala tana bin mahaɗar bulo, ko wadda ta fi faɗi a gefe ɗaya, ko wadda ka gan ta a waje ka shiga ɗaki ka sake ganinta a daidai wurin. Irin wannan tana nuna harsashi ne yake motsi. In ta wuce milimita 5, har bakin makulli yana shiga, magana ta girma. Ƙofar da ke cijewa da tagar da ta ƙi rufuwa daidai sukan zo tare da ita. Wani lokaci injiniya zai liƙa alama a kan tsagar ya ce a dawo bayan 'yan makonni a ga ko tana ƙaruwa. Ka yi haƙuri da wannan jiran. A wuraren baƙar laka irin ta sassan Borno da Adamawa, ƙasa tana kumbura da damina ta tsuke da rani, ginin da ba a yi masa harsashin da ya dace ba haka zai yi ta darewa ana toshewa.

Ka lura da inda fenti ya fi na kusa da shi sabunta, ko inda filasta ta yi tudu kamar tabo. Mai dubawa zai haska tocila a kwance a jikin bangon, inuwa ta fito da duk inda aka yi faci. Zai kuma nemi wurin da ba a yi wa filasta ba, kamar bayan katanga ko cikin silin, ya karci bulon da ƙusa. In yana zubowa kamar gari, yashi ya fi siminti yawa.

Laima daga ƙasa takan hau bango har kusan mita ɗaya in ba a shimfiɗa abin tare danshi a kan harsashi ba, ko an sa ya lalace. Alamarta fenti mai kumbura, farin gishiri, da warin fumfuna da zarar an buɗe ɗakin da ya kwana a rufe. Akwai 'yar na'urar auna danshi da ake dangwalawa a bango. Ni dai in na ga an liƙa tayil daga ƙasa zuwa rabin bangon ɗakin kwana, sai na tambayi dalili, domin sau da yawa laima aka rufe, ita kuwa sai ta haye ta ɓullo a saman tayil ɗin.

A gidan bene ko mai dakin, wato rufin kankare, za a duba ginshiƙai da linta da ƙasan dakin. Jan tabon tsatsa, kankaren da ya ɓare har rodi ya fito, ko dakin da ya yi ciki ya lotso a tsakiya, duk ba abin da za a shafe da filasta a manta ba ne. Akwai wata guduma ta musamman da ake dannawa a jikin kankare ta ba da lamba, da ita ake ƙiyasta ƙarfinsa ba tare da an fasa ba. Benen da ya rufta a kasuwar waya ta titin Beirut a Kano a watan Agustan 2022, da makarantar da ta rufta wa ɗalibai a Jos a watan Yulin 2024 har mutum 22 suka rasu, sun isa su sa mutum ya biya kuɗin wannan gwajin ba tare da ya ji ciwo ba.

Cikin silin

Duk mai dubawar da bai hau cikin silin ba bai gama aiki ba. Zai shiga da tocila, ya caki katako da sukudireba. Gara tana cinye ciki ta bar fatar waje, katakon ya yi kyau a ido amma ƙarfen ya nutse a cikinsa kamar a cikin burodi. Hanyoyinta na jar ƙasa a jikin bango su ma shaida ne. Daga nan ya kashe tocilar: duk inda hasken rana ya ɗigo ta jikin kwano, nan ruwa zai ɗigo. Zai duba ko an ɗaure katakon rufin da jikin ginin da ƙarfe, domin guguwar farkon damina rufin da aka ɗora kawai take yayewa. Rufin zamani da ake ɓoyewa a bayan bango yana da kyan gani, amma magudanarsa ta kankare in ta cushe da ganye da leda, ko ta tsage, ruwa cikin bango yake bi. A leƙa ta da ido. In tsohon gida ne mai silin ko rufin asbesto, a rubuta a rahoto, domin ƙurarsa tana illa ga huhu in an fasa ko an huda shi, kuma cire shi sai da kula.

A cikin ɗakuna aikin ba shi da wuya: a buɗe kowace ƙofa da taga, a ƙwanƙwasa tayil da makulli. Wanda ya kama yana ba da sauti a dunƙule, wanda ƙasansa rami ne yana amsawa kamar ganga, kuma shi ne zai fashe.

Ruwa da wuta

A buɗe dukan famfuna, a ja ruwan kowane masai. A sheƙa bokitin ruwa a daɓen banɗaki a tsaya a ga ina ya nufa, mafita ko bakin ƙofa. In banɗakin a sama yake, a sauko a dubi silin ɗin da ke ƙarƙashinsa. A ɗaga murfin sokawe a ga cikarsa da lafiyar dakinsa, kuma a tabbatar ba a gina ɗaki a kansa ba. A auna tazararsa da rijiya ko burtsatse: kada ta gaza mita 15, in ta kai 30 ya fi, kuma a lissafa har da sokawen maƙwabci da ke bayan katanga. A fulotin da bai wuce ƙafa 50 ba wannan tazara takan yi wuya, don haka a kai ruwan zuwa ɗakin gwaji kafin yara su fara sha. Burtsatse a kunna ta ta yi kamar rabin sa'a a ga ko tana yankewa, a kuma tambayi maƙwabta yadda take yi a watan Maris da Afrilu, lokacin da ruwan ƙasa ya ja baya.

Mai aikin wuta zai buɗe akwatin rarraba wuta ya ga kaurin waya. A al'ada fitilu suna tafiya da waya mai lambar kauri 1.5, soket da mai 2.5, na'urar sanyaya ɗaki da hitar ruwa da mai 4. In an ja gidan duka da siririyar waya, ko da wadda aka yi wa rufin jan ƙarfe a sama kawai, zafi za ta riƙa ɗauka a cikin bango, kuma daga nan gobara take tashi. Zai gwada ko akwai wayar da ke sauke wuta ƙasa, ya duba soket masu baƙin ƙuna, da abin sauya layi tsakanin wutar gari da janareta ko sola. Ka ɗauki lambar mita ka je ofishin kamfanin wuta, KEDCO in a Kano ko Katsina ko Jigawa kake, ka ji ko akwai bashi. A duba kuma ko an zagaye mitar, don kada a zo a kama ka da laifin da ka tarar.

Abin da ba zai iya gani ba

Mai dubawa ba ya ganin cikin harsashi sai an haƙa rami a gefensa, ba ya ganin bututun da ke binne a bango, ba ya ganin bayan durowar da aka kafe. Rahotonsa yana faɗin halin gidan ne a ranar da ya je, ba lamuni ne na shekaru ba. In ya yi shakka zai nemi a haƙa ɗan rami ko a ɓare filasta a wani wuri, wannan kuwa sai da izinin mai gida. In mai gida ya ƙi, ka lissafa ƙin nasa cikin abin da ka gano.

Rahoto da komawa kan ciniki

Kada ka yarda da "gida lafiya lau, Alhaji" a waya. A ba ka rahoto a rubuce, da hotuna, da sa hannu da hatimi, a ware abin da ke barazana ga rai ko ga tsayuwar ginin, da abin da ke son gyara kafin damina, da abin da ado ne kawai. Kowane gida yana da aibi, har sabo fil, don haka tsawon rahoton kada ya firgita ka. Ka tambayi injiniyan: "Da kai ne, wanne ne zai hana ka saye?" Sannan ka sa a yi maka ƙiyasin kuɗin gyaran manyan abubuwan a farashin kayan gini na wannan makon.

Harsashi mai motsi, fili mai ambaliya, da benen da kankarensa ya gaza, ni a ganina a haƙura da gidan, komai arharsa. Rufi da wayarin da famfo da tayil kuwa abin ciniki ne. Ka kai wa mai gida rahoton cikin mutunci ka nemi ragi daidai kuɗin gyaran. Ya fi maka a rage kuɗin ka gyara da kanka, domin mai barin gida gyaran da zai kai shi ranar biya kawai zai yi. Mai yiwuwa ma shi kansa bai san da wani aibin ba. Wanda ya sani ya rufe kuwa, hadisin da Muslim ya ruwaito ya ishe shi: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abincin sayarwa ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Fiƙihu ya ba mai saye damar mayar da kaya saboda aibin da aka ɓoye masa, amma karɓo miliyoyi daga hannun wanda ya riga ya kashe su shari'a ce mai tsawo. Shi ya sa in dole sai ka ba da kafin alƙalami kafin a duba, a rubuta a gaban shaidu cewa za a dawo maka da shi in binciken gini ko na takardu ya nuna matsala.

Ranar karɓar makulli

Kafin ka tura cikon kuɗi, ka sake zagaya gidan bayan an kwashe kaya, da rahoton a hannunka. Yanzu bangon da kujeru da labule suka rufe ya fito fili. A cikin yarjejeniya a lissafa abin da aka sayar tare da gidan: tanki, injin burtsatse, ƙofofi, fankoki, batiran sola in akwai. A gidan da yaya ya saya daga baya, an rage masa kuɗin sauya katakon rufin ɗakuna biyu da gara ta ci, amma ranar da muka je karɓar makulli muka kunna burtsatse shiru, ashe an zare injin an tafi da shi. Da yake yana cikin takarda, lauya ya kira mai gidan, aka dawo da shi kafin la'asar. Muka ɗauki hoton mita, kafinta ya sauya makullan ƙofar waje, sannan aka tura cikon kuɗin.